Layuka Ukun da Na Rubuta Saboda Baba

Ofishinmu yana saman wani kantin kayan gini a Unguwar Rimi, ɗaki biyu da baranda, mu shida a ciki. Aikinmu manhaja ce da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen buɗe wa marasa lafiya kati, da jera layin ganin likita, da tura wa mata saƙon tuni ranar awo ko ranar rigakafin yara. Ni kaɗai ce mace a wurin, kuma ni na fi kowa saurin fushi, amma duk aikin da ke buƙatar haƙuri ni ake miƙa wa. Har yau ban gane hikimar hakan ba.

Manhajar da ke wayar ma'aikaciyar asibiti ba ta ajiye komai a cikinta. Duk abin da take so sai ta tambayi babbar kwamfutarmu, wadda muke kira saba, ta wata ƙofa da 'yan sana'armu ke ce wa API. Ta ce a ba ni katin wance, saba ta miƙo mata. Ta ce a sa wane a layi, saba ta sa shi. Ƙofofin suna da yawa, kuma idan ɗayanmu ya je gyara wani abu ya taɓa inda bai kamata ba, sai wata ta cije. A da ba ma sani sai asibiti sun kira, kuma ba da murya mai daɗi suke kira ba.

Oganmu matashi ne, ɗan gidan ma'aikata, mai yawan karance-karance a ƙarshen mako. Duk Litinin da ya shigo yana murmushi mun san ya karanto mana aiki. Wata Litinin ya tara mu ya ce daga yanzu inji ne zai riƙa ƙwanƙwasa duk ƙofofin nan kowace safiya, idan wata ba ta buɗu ba ya aiko da sanarwa guruf ɗinmu na waya, haɗe da sunan wanda ya taɓa wurin a ƙarshe. Ya dube ni ya ce ni zan kafa shi.

"Ta haka za mu san wa ke aiki, wa ke ɓata mana aiki," in ji shi.

Da ya faɗi haka idonsa ya ɗan gilma wajen teburin da ke kusa da taga. Bai daɗe ba ya ɗauke, amma na gani, domin teburin Baba ne.

Baba ba mahaifina ba ne, amma bambancin kaɗan ne. Tare suka yi aiki da mahaifina a sakatariya tun ban zo duniya ba, kuma an ce shi ya riƙe ragon sunana. Shi aka fara turawa kwas ɗin kwamfuta a ma'aikatarsu, zamanin da kwamfuta ke da ɗakinta na musamman mai sanyi, ana cire takalmi kafin a shiga. Da ya yi ritaya ya koma Katabu ya fara kiwon zabi, zabin suka gaji da shi, shi ma ya gaji da su. Oga ya ɗauko shi ne saboda rumbun bayananmu, wato inda sunayen marasa lafiya da ranakunsu ke jere, domin a wannan fanni Baba ya san abin da mu sai mun bincika. Kullum yakan hawo bas daga Katabu ya sauka Kawo, ya sake hawa wata, ya riga kowa zuwa, da jakar fata da jan biro a aljihun gaba. Bai yarda da karatu a allon kwamfuta ba. Duk abin da ya rubuta sai ya buga shi a takarda, ya bi shi layi-layi, ya sa hannu a ƙasa da kwanan wata, kamar za a kai wa babban sakatare.

Shi ne kuma ya kawo ni ofishin. Shi ya gaya wa mahaifina cewa yarinyar nan ta iya, a bar ta ta fita aiki. Saboda haka da na ga wannan kallo na oga, sai na gane inda aka dosa. Baba ya haura sittin da biyar, yana bugun kibod da yatsu biyu, kuma kujerar nan ta kusa da taga ita ce dalilin da yake goge hularsa kowace safiya.

Injin da na zaɓa ba shi da maɓallai ko hotuna. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ka danna, ya amsa maka da rubutu. Duk hankalinsa yana cikin fayil ɗaya da muke kira fayil ɗin saiti. A nan za ka jera masa ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, da abin da zai tambaya a kowace, da amsar da ya kamata a ba shi, da daƙiƙa nawa zai jira kafin ya ce ba kowa a gidan, da inda zai kai rahoto. Kwana uku na yi a kan fayil ɗin nan. Rabin yini guda ya tafi a kan wani layi da na tura ciki fiye da 'yan'uwansa, injin ya ƙi motsi, kuma ya ƙi gaya mini dalili sai dai ya ce akwai matsala a kusa da layi na goma sha tara. Matsalar tana layi na arba'in. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Turanci, bai ji ko ɗaya ba.

Abokin aikinmu ɗan Rigasa, wanda teburinsa ke bayan nawa kuma bakinsa ba ya hutu, ya leƙo ya ce, "Hajiya, ki lallaɓa shi mana. Inji ma yana son a girmama shi."

Na ce ya koma wurinsa kafin in girmama shi shi ma.

Ran da na haɗa shi da guruf na yi kuskuren da har yanzu ake yi mini dariya a kansa. Maimakon ya gama gwajin duka ya aiko da saƙo ɗaya, sai na sa shi yana aikowa bayan kowace ƙofa. Wayoyi shida suka kama kuka a lokaci guda, ba su tsaya ba sai da suka yi sau arba'in da wani abu. Oga yana cikin magana da wani likita a waya, ya fito yana girgiza wayar kamar kunama ce ta shiga ciki. Baba kuwa ya sa tabarau ya karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, duk da cewa kusan abu ɗaya suke faɗa. Da ya gama ya kira ni.

"'Yata, wannan abin naki wa ya rene shi?"

"Ni ce, Baba."

"To ba ki koya masa sallama ba. Mutum ya faɗo wa dattawa da sassafe, ba sallama, ba ina kwana, sai dai ƙofa ta bakwai ta lalace. Ko masinja a ma'aikata ba ya haka."

Na so in yi gardama, amma layi ɗaya ne, sai na ƙara. Daga ranar duk saƙon injin da sallama yake farawa. Abin da ban zata ba shi ne za a riƙa amsawa. Baba ne ya fara, da cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu, sauran suka bi shi da wasa, wasa ya zama al'ada. Har oga, wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne, na kama shi wata safiya ya amsa.

Na saita shi ya riƙa tashi da ƙarfe takwas daidai. Idan komai lafiya, ya aiko da koren saƙo. Idan wata ƙofa ta cije, ya aiko da ja, ya duba tarihin aikin ya ga wa ya taɓa wurin a ƙarshe, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro. Ɗan Rigasa ne ya fara faɗawa, kuma na ji daɗi har cikin raina. Washegari ni ce. Ya tashi tsaye ya karanta sunana da murya irin ta mai shela, ya ce wanda ya haƙa ramin nan bai yi nisa ba. A cikin mako biyu abin ya zama nishaɗin safiyarmu. Wanda sunansa ya fito a ja a yi masa tsiya na minti biyar, ya gyara, a manta.

Wata Laraba na riga kowa zuwa, ban da Baba, wanda ya ajiye jakarsa ya sauka neman shayi. Na ɗan canza wani abu a fayil ɗin saiti, sai na ce bari in gwada da hannu kafin takwas, ba tare da an aika guruf ba. Na rubuta umarnin na danna. Layuka suka yi ta gudu, kore, kore, kore, sai ga ja. Ƙofar da ke fitar da ranakun rigakafi ta ƙi amsawa, kuma sunan da ke ƙasa na Baba ne. Ya ƙara wani gurbi a rumbun bayanai jiya da yamma, aiki mai kyau ƙwarai, amma ya manta bai gyara wurin da ke karanta gurbin ba.

Saura minti goma sha biyu takwas ta cika. Na hango sunan Baba a wayar oga. Na hango ɗan Rigasa ya miƙe zai yi shela, ko kuma, abin da ya fi muni, ya kasa miƙewa, ofishin ya yi tsit don kunya. A gidanmu ba a faɗin sunan babba ma gatsal, balle a manna shi a ja a gaban yara. Ban yi dogon tunani ba. Na buɗe fayil ɗin, na gangara can ƙasa inda ba mai zuwa, na rubuta layuka uku. Ma'anarsu ita ce: idan sunan da ka samu na Baba ne, kada ka kai guruf, ka kawo mini ni kaɗai. Sannan na gyara kuskuren, wanda bai ɗauke ni minti biyar ba. Takwas ta yi, injin ya yi sallama ya aiko da kore. Baba ya hawo da kofin shayinsa ya amsa sallamar.

A lokacin na ɗauka na yi abin kirki, kuma ban ɓoye wa kaina jin daɗin ba. Na rufa wa babba asiri, ban cuci kowa ba, asibiti ba su ga matsala ba. Na ma ja lokacin gwajin sirri zuwa bakwai da rabi, don in sami sararin gyara kafin na takwas ya fita. Hakan ya sa na koma fitowa daga gidanmu na Kinkinau da sassafe, ina rigima da masu Keke a kan su cika su tashi. Mahaifiyata ta ce aikin nan ya fara shiga jinina.

Baba yana aiki sosai, wannan ne abin. A watannin nan shi ya sake tsara rumbun bayanan gaba ɗaya, domin asibitocin sun ƙaru kuma tsohon tsarin ya fara nishi. Aiki ne irin na canza harsashin gida alhali mutane na kwance a ciki. Wanda ke irin wannan dole ya riƙa ture abubuwa, kuma Baba ya ture. Kusan kowane mako, wani lokacin har sau biyu, wayata takan yi ƙara ni kaɗai da bakwai da rabi, in ga ja da sunansa, in gyara ina kurɓar kunu.

Abin da ya fara ƙona mini rai shi ne wa'azin. Da Baba ya ga sunan kowa na fitowa ban da nasa, sai ya fara ba da darasi. Duk ran da ɗan Rigasa ya faɗa, Baba zai cire tabarau ya juyo da kujera.

"Gaggawa ce ke damunku, yaran zamani. Ku buga a takarda, ku bi da biro. Mu a zamaninmu kuskure ɗaya sai ka jira mako kafin a sake ba ka layi a kwamfuta."

Ɗan Rigasa zai ce, "Allah ya ba mu irin hannunka, Baba."

Ni kuwa ina zaune, rabin sa'a da ta wuce na gama kwashe ɓarnar wannan hannu mai albarka. Sau biyu maganar ta zo mini har leɓe, na haɗiye ta da ruwa. Wata rana ma ni ya juyo wa, bayan sunana ya fito a ja, ya ce in rage sauri, ya lura kwanan nan hankalina a rabe yake. Na ce to, Baba, zan kiyaye. Na shiga banɗaki na yi wa madubi tsaki.

Haka muka tafi kusan wata uku. Ranar wata Alhamis bayan La'asar oga ya ce in same shi a baranda. Daga can ana jin masu loda siminti a ƙasa suna ƙirga buhuna. Ya jingina da ƙarfen barandar ya ce yana so ya yi shawara da ni, tunda ya san kusancinmu da Baba.

"Kin lura sunansa bai taɓa fitowa ba?"

Na ce, "Ai ka san Baba da taka-tsantsan."

"Ni ma da haka na ɗauka. Amma ko ni, sau biyu kacal na sa hannu a aikin nan, kuma injin ya kama ni sau ɗaya. Ke kin taɓa ganin mai wanke-wanke kullum da bai taɓa fasa ko kofi ba? Ina ganin Baba ba ya taɓa komai. Yana buga takardu, yana jan layi da biro, ku kuna yin aikin. Ba na ganin laifinsa, shekaru ne."

Oga ba ya buɗe tarihin aikin, wannan kowa ya sani. Abin da ya zo wayarsa shi ne duniya. Ya ce daga ƙarshen wata zai mai da Baba mai ba da shawara, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako, a ba ɗan Rigasa rumbun bayanan. Za a yi masa da mutunci, in ji shi, har da ɗan biki. Ya ce zai gaya masa ran Litinin.

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki, kuma ban buɗe ba. Ni da ake tsoron bakina a ofishin, na tsaya ina kallon buhunan siminti na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. In na faɗa wa oga, na tona cewa wata uku ina yi masa wasa da hankali. In na yi shiru, Baba ya koma wa zabinsa saboda ni. Na sa hannu na goge shaidar aikinsa da kaina, mako bayan mako, ina jin kaina 'yar halak.

A gida na kasa cin tuwo. Mahaifina, da ke zaune a kan dardumarsa yana sauraron rediyo, ya tambaye ni ya mutumin nasa, na ce yana lafiya. Ya ce ran nan sun yi waya, Baba ya gaya masa bai taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, wai yanzu ne ake amfani da abin da ya sani. Na ce masha Allah, na tashi na bar wurin.

Ban iya shirya jawabi ba, saboda haka na yi abin da na san Baba ba zai iya ƙi ba. Ran Juma'a da safe, kafin sauran su zo, na buga fayil ɗin saitin gaba ɗaya a takarda, shafi huɗu, na ajiye a teburinsa. Na ce ina so ya duba mini, ban taɓa ba kowa ya duba ba. Fuskarsa ta washe. Ya zaro jan biro, ya gyara zama, ya fara daga layin farko.

Ban taɓa ganin karatu mai tsawo kamar wannan ba. Ya tsaya a shafi na ɗaya ya tambaye ni me ya sa injin ke jiran daƙiƙa biyar ba goma ba. Ya tsaya a na biyu ya yaba mini da ban rubuta makullin sirri a cikin fayil ɗin ba, na ajiye shi a wani wuri daban. Ya ga layin sallama ya yi masa alamar daidai. Ni ina tsaye a gefensa. Da ya kai ƙasan shafi na huɗu, biron ya tsaya. Ya karanta layukan ukun, ya koma ya sake karantawa, yana bin su da bakin biro.

"Wannan sunana ne."

"E, Baba."

"Idan ni ne, kada a kai guruf."

"E."

"Sau nawa?"

Na ce goma sha huɗu. Ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar. Na zata faɗa zai yi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai na zuba masa komai a tsaye, kallon da oga ya yi ranar farko, da safiyar Larabar nan, da maganar baranda, da abin da za a gaya masa ran Litinin. Na ce na yi ne don kada a raina shi. Na ce ya yafe mini.

Ya dubi taga. Sannan ya ce, "Wato duk wa'azin da na riƙa yi wa yaron nan na Rigasa, kina zaune kina ji."

"Ina ji, Baba."

Ya ɗan yi dariya ta hanci, wadda ba ta kai ido ba. Ya ce in jawo kujera in zauna.

"Bari in gaya miki abin da ko mahaifinki ban gaya wa ba. Saura shekara biyu in yi ritaya aka kawo sababbin yara ma'aikatarmu. Yara masu ladabi. In na shigo su miƙe, su karɓi jakata, su gaishe ni har ƙasa. Sai na lura an daina kawo mini fayil. In na tambaya a ce, a'a Baba, ka huta, mun gama. In na yi kuskure ba mai faɗa mini, sai dai in ga an sake aikin a bayana. Shekara biyu ina zuwa ofis in karanta jarida daga farko har tallan ƙarshe. Ba wanda ya taɓa yi mini rashin kunya ko sau ɗaya. Ban taɓa shan wulaƙanci irin na shekaru biyun nan ba."

Ya ɗauki biron ya zagaye layukan ukun da ja, a hankali, kamar yadda yake yi wa nasa kuskuren.

"Saƙonnin nan goma sha huɗu, kin goge su?"

"Suna nan a wayata."

"To cire waɗannan layukan. In kowa ya zo, ki tura su guruf. Duka, ɗaya bayan ɗaya, kowane da ranarsa."

"Baba, bari in sami oga ni kaɗai in yi masa bayani. Ba sai..."

"'Yata," ya ce, "kin yi mini naki tsarin wata uku. Yau a yi nawa."

Na buɗe baƙin allon yana tsaye a bayana. Na gangara ƙasan fayil ɗin, na goge layukan, na adana. Ya sa na sake buɗewa don ya tabbatar da idonsa sun tafi.

Wajen takwas da kwata kowa ya hallara, oga yana ɗakinsa ƙofa a buɗe. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya gyaɗa kai. Na fara da rubuta gajeren bayani a guruf, cewa ni na karkatar da waɗannan saƙonni goma sha huɗu, laifin nawa ne, ba wanda ya sa ni. Sannan na tura na farko. Wayoyi suka yi ƙara. Na tura na biyu, na uku. Ofishin ya yi tsit irin wanda na ji tsoro tun farko, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, ba mai son ya fara ɗagowa. A saƙo na shida oga ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, yana karantawa. Kowane saƙo yana ɗauke da wurin da aka taɓa, kuma duk wanda ya san aikin zai ga cewa ba ƙananan wurare ba ne. Na ga ya koma sama ya sake bi daga farko, kamar kunya ta kama shi.

A na tara ne ɗan Rigasa ya kasa daurewa. Ya ɗago a hankali ya dubi Baba, yana auna ko ƙasa za ta ɗauke shi.

"Baba," ya ce, "a buga a takarda, a bi da biro?"

"Ci gaba," in ji Baba. "Tashi tsaye ka yi yadda kake yi wa kowa."

Ya miƙe, ya gyara murya, ya fara shela. Ya karanta sunan Baba da ranar da ƙofar da ta cije, ya ce jama'a a shaida, ashe babban mai ɓarna yana kusa da taga muna neman sa a Rigasa. Dariya ta ɓalle. Wani ya ce goma sha huɗu ai ko ɗan Rigasa bai kai ba. Baba ya tura hularsa baya, ya harɗe hannu a ƙirji, yana musu a kan na bakwai, wai wannan ba laifinsa ba ne, wanda ya rubuta ƙofar ne bai yi ta da kyau ba, a kawo takarda ya nuna. Oga ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya ce a nuna masa wannan sabon tsarin rumbun tun daga tushe, domin da alama akwai abin da ya wuce shi. Maganar Litinin ba ta sake tasowa ba.

Ni oga ya ce in same shi bayan sallar Juma'a, kuma na san abin da zan ji, na kuma ji shi. Amma a wannan lokacin ba shi ne a raina ba. Ina kallon Baba ne, yara uku sun kewaye shi suna yi masa tsiya, yana rantsuwa yana buga tebur, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Na tura saƙo na goma sha huɗu, na ajiye wayar, na fita baranda na yi kukana inda ba mai gani.